Baƙo raɓa ne: in jirgi ya tashi, wa zai gyara pampo?

 Yau maganar baƙi za mu yi, baƙin nan ƴan mishan da ke tasowa daga ƙetare su zo duba ayyukan taimako da suke ɗaukar nauyi a garuruwanmu. Mun daɗe muna tauna maganar a tsakaninmu mu ma'aikatan rediyo, sai munka ga gara a fito da ita fili, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga abin da ya tada zancen. A farkon sanyin bara anka kawo mana wata sanarwa a gidan rediyo, rubuce da Faransanci, anka ce mu juya ta da Hausa mu karanta sau uku. Wai baƙi Nasaru za su sauka a wani gari na kan tudu cikin komin ta Gesheme ranar Talata mai zuwa, don haka a share gari, mata su yi anko, ƴan lakkwal su koyi waƙar tarba, ƴan komiten ruwa su zo da littafinsu. Munka karanta. Ranar Litinin da dare anka bugo waya, an ɗage. Anka sa wata rana cikin Janairu, ita ma anka ɗage. Ta ukun ba a ma kawo mana sanarwa ba, a bakin wani ɗan kabu-kabu munka ji cewa baƙin ba su samu iznin fita daga Yamai ba, sun kwana goma a masauki sun koma ƙasarsu.

Abin da ba a rubuta cikin sanarwar ba shi ne pampon da waɗannan baƙi sunka gina a garin ya mutu tun cikin watan Afrilu. Da munka je ɗaukar shiri, wata dattijuwa ta jawo mu gefe ta ce: "Ɗana, ku da kuke magana duniya na ji, ku tambayar mana. Abin da ya lalace cikin pampon ga, an ce bai kai kuɗin rago guda ba. To don mi za mu jira mutumin da ke bayan teku?" Mun rasa abin ce mata. Wanda ya san tudunmu ya san wahalar da take nufi. A cikin fadamar Dallol Mawri gaba biyu ko uku ka tarar da ruwa, amma a kan tudu sai a yi gaba 20 ko fiye, jaki na ja, mace na jira tun asuba.

Kafin mu ci gaba, bari mu ba mai haƙƙi haƙƙinsa, don kada wani ya ce mun ci mun goge baki. Ƴan mishan ba jiya sunka zo ƙasar ga ba. Ƙungiyar SIM ta samo asali ne a 1893, lokacin da samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, sunka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar Hausa. Biyu daga cikinsu, Gowans da Kent, ba su wuce 1894 ba, ciwo ya kashe su. A 1924 SIM ta kafa zango a Damagaram, daga baya ta zauna Tsibiri da Maradi, ta iso Dogon Dutsi, ta iso nan Gesheme. A 1950 Dokta Burt Long ya buɗe likitar Galmi, wadda har gobe mutanenmu ke ɗaukar marasa lafiya su kai. A Danja kusa da Maradi an yi shekaru ana jinyar kutare, a 2012 kuma anka buɗe wurin aikin mata masu yoyon fitsari. A Dutsi, su mompera da masera na Katolika sun koyar da yara da yawa, ciki har da ɗiyan malamai da na sarakai, wasu sun zama manyan ma'aikata a ƙasar nan. A Gesheme, tun kafin a haife mu iyayenmu sun sha magani a hannun ƴan mishan, kuma makarantar Littafi Mai Tsarki ta ekklesiyar EERN sananniya ce ga kowa. Wannan tarihi namu ne duka, Musulmi da Kirista da masu bin al'adar kakanni.

Amma ku tambayi tsofaffi yadda waɗancan na farko sunka zauna. Sun zo ne da niyyar zama. Mutum zai shekara uku ko huɗu bai ga gida ba. Abu na farko da ake ɗora masa shi ne koyon Hausa, har sai ya iya gaisuwar rasuwa da cinikin kasuwa da jin ƙorafin mara lafiya ba tare da tafinta ba. Mutanen gari su laƙaba masa suna, sunan ya bi shi har ya fi na yanka. Firijinsa da kananzir yake aiki, wasiƙarsa sai ta yi makonni a hanya, yaransa tun suna ƙanana ake kai su makarantar kwana a Miyango kusa da Jos, uwa ta yi watanni ba ta gan su ba. Zafin Afrilu ya same shi a nan, sauron Agusta ya cije shi a nan, yunwar tsakiyar damana ta faru a kan idonsa. Ba muna cewa waliyyai ne ba. Da wa'azi sunka zo, ba su kuma ɓoye ba, kuma akwai cikinsu waɗanda sunka raina al'adunmu. Sai dai in abu ya lalace, mai shi yana nan, ana iya tafiya a buga masa ƙofa.

Ga misali guda da ya isa a yi tunani a kansa. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, ya zo yankin Maradi a ƙarƙashin SIM a farkon shekarun 1980. Ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. Sai a 1983 ya lura cewa ƴan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara, su sabara da kalgo da gawo, suna da saiwa mai rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai a bar reshe ɗaya ko biyu a kowane gindi, a rage sauran, a kare shi. Wannan shi ne abin da muke kira sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya gonaki kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, har anka ba shi wata babbar kyauta ta duniya a 2018, shekarar da anka ba Yakuba Sawadogo na Burkina Faso. Mutumin ya bar ƙasar tun tuni, amma aikin bai mutu ba. Don mi? Don babu wani ƙarfe da ake jira daga Turai, babu mabuɗi a aljihun kowa. Manomi da addarsa sun isa. Kuma ba don ya zauna ya ga rani ya ga damana shekara bayan shekara ba, da bai gano abin ba.

Yanzu kwanan zancen ya sake. Har yanzu akwai masu zama, musamman likitocin Galmi da wasu a Yamai da Maradi, muna kuma jinjina masu. Amma da yawa daga cikin masu kula da rijiyoyi da azuzuwa da bankunan hatsi na ƙauyukanmu, daga nesa suke kula da su. Mutum na zaune a Amurka ko Jamus ko Koriya, yana yawo coci-coci yana nuna hotuna yana neman gudummawa, sa'an nan sau ɗaya a shekara ya shirya tafiya. Shirin ma ba ƙarami ba ne. Sai ya nemi biza, ya yi allurar shawara, ya fara shan maganin masassara tun kafin ya taso. Tun da Air France ta daina sauka Yamai a watan Agusta 2023, sai ya biyo ta Istanbul ko Adis Ababa ko Kasabalanka. Kuɗin jirgin mutum ɗaya zuwa da komawa daga Amurka ya haura jika 500 nesa ba kusa ba. In ya sauka filin jirgi na Diori Hamani, ya kwana biyu a masauki yana jiran takardu. In an dace, a tashi da asuba cikin mota mai ƙafa huɗu, a ci kusan kilomita 140 zuwa Doso, a ƙara gaba, a bar kwalta a kama jar hanya. A iso gari da hantsi, a sha fura, a ji jawabin maigari, a buɗe pampo a ɗauki hoto, yara su yi waƙa. Kafin la'asar direba ya fara duba agogo, don ba a so dare ya yi masu a hanya. Awa huɗu, in an daɗe biyar. A kan wannan awa huɗun za a rubuta rapor ɗin shekara guda.

Ku duba kuma lokacin da suke zaɓa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyi. Ba mu ga laifinsu ba, mu ma da za a ba mu zaɓi shi za mu ɗauka. Amma wace Arewa ce mutum ke gani a Janairu? Rumbu cike da hatsi, fadama kore shar da rake da rogo da dankali da tumatir, kasuwar Fadama da ta Lido sun cika maƙil, hanya busasshiya, sauro ya yi sauƙi. Wanda ya ga wannan zai koma gida da farin ciki. Matsalolinmu kuwa suna da nasu watanni. Afrilu da Mayu ne rijiyoyi ke ja baya, pampo ke aiki dare da rana har ya karye, sanƙarau ke yawo. Daga Yuni zuwa Satumba rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, tamowa ta kama yara. Agusta da Satumba masassara ta cika likita, koramu su yanke hanya, mai naƙuda ta kwana a kan amalanke. A damanar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a faɗin ƙasar, har anka ɗage komawa lakkwal zuwa ƙarshen Oktoba. A waɗannan watanni babu baƙo ko ɗaya a gari. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. To ina ga baƙon da ake nuna ma gari a ranar da ya fi kowace rana kyau?

Yanzu kuma ko zuwan na sanyi ya zama sai an yi sa'a, kuma dole mu faɗi dalili tsakani da Allah. A Oktoba 2016 anka sace Jeffery Woodke, Ba'amurke mai aikin agaji, a Abalak, bai samu kansa ba sai Maris 2023. A Satumba 2018 anka ɗauke mompera Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya, a Bomoanga, ya yi shekara biyu a hannun mutanen daji. Ranar 9 ga Agusta 2020 anka kashe Faransawa 6 ma'aikatan ACTED tare da direbansu da ɗan jagoransu, ƴan ƙasa, a Kure wurin raƙuman dawa, kusa da hanyar da duk mai zuwa wurinmu daga Yamai yake bi. A Oktoba na wannan shekara anka sace wani Ba'amurke a Masalata kusa da Ƙwanni, sai sojojin ƙasarsa sunka ƙwato shi a cikin Najeriya. Kure tana yamma da mu, Masalata tana gabas. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma ga takunkumin CEDEAO da rufe iyakoki, kaya da magunguna sunka maƙale a hanya. Hukuma ta tsaurara sharuɗɗan fitar baƙi daga Yamai, a wurare da yawa sai da rakiyar jami'an tsaro. A Nuwamba 2024 anka janye iznin aikin ACTED, a Fabrairu 2025 anka umurci CICR ta bar ƙasar. A farkon 2025 ɗin dai Amurka ta dakatar da mafi yawan taimakon da take bayarwa ta hannun USAID. Kowa na da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai, ba su ne zancenmu na yau ba. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya ƙi zuwa don tsoron ransa bai yi abin kunya ba, mu ma ba za mu tura ɗanmu inda muke tsoro ba. Amma aikin da numfashinsa ke rataye da tikitin jirgin mutum ɗaya, a irin wannan zamani, gawa ce da ba a rufe ba tukuna.

To laifin wa? Mu fara da kanmu, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mu ne munka koyi wasan tarbar baƙi har munka ƙware. In an ce suna tafe, a shafa farar ƙasa a bango, a aro tebura daga lakkwal ɗin garin da ke kusa, a tara yaran da ba su taɓa shiga aji ba a zaunar da su a gaba. Mun san inda anka cika tankin ruwa da jarka da dare don pampo ya zubo da safe. Mun san bankin hatsi da anka aro buhuna daga wurin ɗan kasuwa anka jera, baƙo na juya baya anka maida. In baƙo ya tambaya ko akwai matsala, sai a ce: "Babu komi, sai godiya." Tafinta kuma, ko wata tsohuwa ta yi ƙarfin hali ta faɗi gaskiya, sai ya tace maganar ya miƙa mai daɗin. Muna kiran wannan kunya ko kara. Amma ƙarya ce, kuma matanmu ne ke biyan kuɗinta da wuyansu a bakin rijiya.

Ga kuma maganar kes. Kusan duk inda anka gina pampo an kafa komite, an ce kowace jarka a ba da dala ɗaya ko biyu, a ajiye don gyara. Wata uku na farko abin gwanin sha'awa. Daga nan sai ma'aji ya ranta ma ƙanensa don biki, shugaba ya ranta don taki, ɗan maigari ya ce shi ba a karɓar kuɗi a hannunsa. Ranar da roba ta cinye ko sanda ta karye, a buɗe akwati a tarar da littafi kawai. Sai a ce a jira masu abin su zo. Ku ji kalmar da kyau: masu abin. Har a bakinmu pampon bai taɓa zama namu ba. Muna ce masa pampon Nasara, rijiyar Larabawa, ajin purje. Abin da ba naka ba kuwa ba ka kwana da tunaninsa.

Mu ƴan rediyo ma ba mu fita ba. Sanarwar zuwan baƙi muna karantawa da murya mai daɗi don an biya. Sau nawa munka koma bayan wata shida munka tambaya ko abin da anka ƙaddamar yana aiki? Mu ma mun ci ladan kuturu.

Sa'an nan baƙinmu, ga naku, da girmamawa. Da yawa cikinku kun riƙe mabuɗi da asusu da yanke shawara a can inda kuke. Wakilinku na nan, ko fasto ne ko wani matashi mai jin Turanci, ba shi da ikon fitar da kuɗin ƙusa sai ya aika saƙo ya jira amsa, ku kuma kuna hutu ko kuna taro. Kuna kawo na'urar da ba a sayar da kayan gyaranta a Doso ko a Dutsi, alhali masu gyaranmu sun saba da irin su Vergnet da India Mark II. Kuna samun kuɗin sabon gini cikin sauƙi don ana iya ɗaukar hotonsa a manna allo da sunan wanda ya bayar, amma kuɗin gyara babu mai so, don gyara ba shi da hoto. Rapor ɗinku da Turanci yake, masu ba ku kuɗi ne ke karantawa, mutanen da anka rubuta a kansu ba su taɓa jin abin da ke ciki ba. Kuma hotunan yaranmu marasa riga da kuke yaɗawa, wa kunka tambaya? Yau kowane gari akwai salula, ɗan da ke Kwatano yana iya cin karo da hoton uwarsa a Facebook an rubuta maganar tausayi a ƙasa da harshen da ba ya ji.

Kada wani ya ɗauka da Kirista kaɗai muke. Ƴan uwanmu masu zuwa daga ƙasashen Larabawa da Turkiyya, masu gina rijiyoyi da masallatai da rabon abinci da azumi da naman layya, su ma Allah ya saka masu, amma ciwon iri ɗaya ne. Su ma suna da lokacin zuwansu, suna da allonsu da hotonsu, kuma rijiyoyinsu ma suna mutuwa babu mai waiwaya. Pampo bai san addinin wanda ya kafa shi ba, in babu gyara zai tsaya.

Tun da mun taɓo addini, mu faɗi abin da ake faɗa a majalisa a ɓoye. Akwai masu cewa duk taimakon ƴan mishan tarko ne, a ƙaurace masa. Mu ba mu tare da wannan magana. Shekara sama da 70 Musulmi na kwanciya a gadon Galmi suna tashi da addininsu. A Arewa akwai gidajen da wa ke zuwa masallaci, ƙane ke zuwa coci, kaka kuma tana da nata, kuma tukunya ɗaya ake ci. Amma muna da sharaɗi guda da ba ma sassautawa: ruwa da magani da karatun yaro kada a ɗaura masu igiya. Mai wa'azi ya yi wa'azinsa a fili da sunan wa'azi, mai so ya saurara. Ranar da anka ce sai ka zauna ka ji kafin a ba ka, ko anka fifita wani a layi don addininsa, ranar taimako ya zama ciniki. Wannan sharaɗi ya hau kan kowa, mai kuros da mai tasbaha.

Mun san abin da wasu baƙin za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce: "Kuɗin nan amana ne, tsofaffi ne a ƙasarmu sunka tara daga ɗan abin da suke samu. Mun taɓa sakin hannu an cinye. Ta yaya za mu miƙa asusu ga wanda ba mu gani?" Gaskiya ne an cinye, mun faɗa da bakinmu a sama. Amma ziyarar awa huɗu a shekara ba ta taɓa hana ɓarawo sata ba, sai dai ta koya masa ranar da zai yi shara. Abin da ke hana ci shi ne idon mutanen da ke shan ruwan kullum. In mata 50 sun san nawa ne ya shiga kes a wannan wata, ma'aji ba ya iya ranta ma ƙanensa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙo yana neman amana a wurin mutum ɗaya da ya iya Turanci, alhali amanar tana wurin jama'a in an buɗe masu littafi.

Don haka ga abin da muke ganin ya kamata, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Na farko, duk aikin da za a kafa, a zauna da hukumar komin tun kafin a sa diga. Komin ta Gesheme ta haura mutum dubu 100 tun a ƙidayar 2012, ba a rasa waɗanda sunka san inda ƙishirwa ta fi tsanani ba. Kowace komin tana da tsarinta na raya ƙasa, akwai ma'aikatan ruwa da na lafiya da na ilimi a Tibiri da Dutsi. Ko zaɓaɓɓen magajin gari ne ke kan kujera ko shugaban riƙo irin waɗanda anka naɗa tun 2024, ofishin yana nan, kuma ba ya bukatar biza kafin ya iso gari. Wannan zai hana a jera rijiya uku a garin da ke bakin hanya, na cikin lungu ko ɗaya babu.

Na biyu, ranar ƙaddamarwa a miƙa mabuɗi da gaske. A rubuta takarda da Hausa, a karanta a gaban jama'a: wannan abu na gari ne, ga wanda zai gyara, ga lambarsa, ga inda ake sayen kaya, ga abin da kowa zai riƙa bayarwa. Daga cikin kuɗin ginin a ware na gyara tun farko, a koya ma matasa biyu na garin aikin, a bar masu kayan aiki.

Na uku, kes ta koma hannun mata, ko aƙalla ma'aji ta zama mace. Waɗanda sunka riƙe asusun adashi da na Mata Masu Dubara shekara da shekaru ba tare da dala ta ɓace ba, ba za su gaza da kuɗin pampo ba. Kuma su ne ke shan wahala in ya mutu. Kowane wata a faɗi lissafi a fili, ranar Juma'a bayan salla ko ranar kasuwa.

Na huɗu, baƙin da ke iya zuwa, ku sauya lokaci ko sau ɗaya. Ku zo a Mayu ku ga layin jarkoki, ko a Satumba ku ga likita. In hali bai ba ku ba, kada ku tsaida komi don jiran kanku. Kuɗin jirgin ayarin mutum biyar zai riƙe masu gyara na komin guda tsawon lokaci. Ku ba wakilanku ƴan ƙasa iko na gaske, da albashi na gaske, ku bar su su yi kuskure su gyara. Ekklesiyoyin ƙasar nan sun haura shekara 60 da tsayuwa da ƙafafunsu, akwai likitoci da injiniyoyi da malamai a cikinsu, ba yara ba ne.

Na biyar namu ne, mu masu makirfo. Mun yi alkawari duk aikin da munka sanar da buɗe shi, za mu koma bayan wata shida mu gani, mu faɗa a iska ko yana aiki ko ya mutu, ko na wane ne. Wanda bai so haka ba, ya kai sanarwarsa wani wuri.

Ku kuma ƴan Arewa na tafiya, da ku muke. Kuna aiko da kuɗin biki da na suna da na gina shago. Ƙungiyoyinku na ƴan gari da ke Yamai da Legas, in kowa ya ajiye jika ɗaya a wata da sunan ruwa, babu pampon da zai kwana bakwai a mace a garinku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwan ai muna da su, a aljihu muke barin su.

Game da garin da munka fara da shi, ga yadda ta ƙare. Bayan an tabbatar baƙi ba za su zo ba, matan garin sunka gaji. Sunka bi gida-gida, wadda ke da tiyar hatsi ta bayar, wadda ke da kaza ta bayar, samarin da sunka dawo daga cin rani sunka cika. Anka ɗauko mai gyara a kan babur, ya kwance pampon da safe, ya aika anka sayo abin da ya lalace, washegari kafin azahar ruwa ya zubo. Kwana biyu. Sun yi kusan shekara suna jiran abin da kwana biyu ya isa. Da munka koma, dattijuwar nan ta ce mana: "Ashe mabuɗin yana hannunmu, mu ne ba mu duba ba." Yanzu littafin kes yana wurin jikarta mai zuwa kwaleji, ita ke karanta lissafi duk ƙarshen wata.

Baƙinmu, ƙofa a buɗe take, Arewa ba ta taɓa ƙin baƙon alheri ba. In Allah ya kawo zaman lafiya ku zo, za mu dama maku fura, mu yanka maku zabo. Amma muna fata ranar da za ku zo ku tarar da ruwa na zuba ba don an ji kuna tafe ba. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya ba mu damana mai albarka, ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Mu kwana nan, sai wani jiƙon.